Wa za a ɗauka aiki daga nesa don gina yaren bulokcen?

Bashir
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mu 'yar ƙaramar tawaga ce, muna gina sabon yare na rubuta kwantiragi mai sarrafa kansa a kan bulokcen, wato kundin ma'amaloli da kwamfutoci da yawa ke riƙe da shi tare. Kwamfailar da muke ginawa tana ɗaukar abin da mutum ya rubuta ta mayar da shi umarnin da injin Ethereum, wato EVM, yake ganewa. Ba mu da ofis, kowa na aiki daga inda yake, yanzu kuma muna son ƙara injiniyoyi biyu. Mun fitar da sanarwa, takardu suna ta shigowa, amma kusan duk labarin ɗaya ne: na iya Solidity (yaren rubuta kwantiragi na Ethereum), na taɓa ƙaddamar da tokin (kuɗin kirifto), na gina kasuwar NFT (shaidar mallakar kayan dijital). To mu ɗauki irin waɗannan mu koya musu aikin kwamfaila, ko mu nemi waɗanda suka san kwamfaila ko da ba su taɓa aikin bulokcen ba? Sannan mutumin da ba ka taɓa zama da shi ba, ta yaya za ka damƙa masa irin wannan amana?

Maryam
Wa alaikumus salam Injiniya. A ganina daga sanarwarku matsalar ta faro. Muddin bulokcen ne a kan gaba, masu rubuta kwantiragi ne za su cika muku akwati, domin su ne suka fi yawa. Amma mai amfani da yare daban, mai ƙera yaren daban. Mai rubuta kwantiragi kamar magini ne, in ya yi kuskure gida ɗaya ne zai tsage. Mai kwamfaila kuwa shi ke buga bulon da kowa zai yi gini da shi.

Ku tuna abin da ya sami Vyper, wani yaren rubuta kwantiragi, ranar 30 ga Yuli, 2023. An kwashe sama da dala miliyan 50 daga wasu tafkunan kuɗi na Curve Finance, dandalin musayar kirifto, da masu alaƙa da su, alhali waɗanda suka rubuta kwantiragin sun yi abin da ya kamata. Sun sa makullin da ke hana mutum sake shigowa cikin kwantiragi kafin a kammala biyansa na farko, wato makullin kariya daga irin harin da aka kai wa The DAO, wani asusun haɗin gwiwa a Ethereum, a 2016 aka janye ETH (kuɗin Ethereum) miliyan 3.6. Makullin yana nan a rubuce, kowa ya karanta zai gan shi. Kwamfailar ce, a sigogi 0.2.15 da 0.2.16 da 0.3.0, ta fitar da umarnin da bai kulle komai yadda ya kamata ba. Mai binciken kwantiragi da ya tsaya a kan rubutun mutum kawai ba zai taɓa ganin wannan ɓaraka ba.

Don haka ni mutumin kwamfaila zan nema. Wanda ya san yadda ake warware jimlar kod a gina mata bishiyar da ke nuna tsarinta, ya san tsarin nau'o'in bayanai, ya san haɗarin da ke cikin rage kod don ya yi sauri. EVM ƙaramin inji ne, mai wannan ilimi zai gane shi cikin 'yan watanni. Ɗaya ilimin kuwa shekaru yake ci.

Nura
Malama Maryam, da girmamawa, misalin da kika kawo ni yake goya wa baya. Mene ne ainihin kuskuren Vyper? Ayyuka biyu da ya kamata su yi tarayya a makulli ɗaya, sai kwamfaila ta ba kowanne gurbi daban a ma'ajiya. Ka kulle nan, can a buɗe. Wanda ya taɓa rubuta kwantiragi, ya san zafin harin sake shigowa a jikinsa, shi ne zai fara tambayar a ina makullin nan yake zaune. Wanda ya taso a kan kwamfailar C, a wajensa gurbi gurbi ne kawai.

Kuma EVM ba ƙaramin inji ba ne kamar yadda kika sauƙaƙa shi. Kalmarsa bit 256 ce. Ba ka iya miƙa hannu ka ɗauko abin da ya wuce na 16 a cikin tari, wato inda injin ke jera bayanai ɗaya bisa ɗaya yana aiki da su, shi ya sa masu Solidity suka sha fama da saƙon nan na cewa tari ya yi zurfi. Kowane umarni yana da kuɗin gudanarwa da ake kira gas, rubutu a ma'ajiya kuma ya fi lissafi tsada nesa ba kusa ba. Wanda bai san wannan ba zai kawo maka gyaran da ya yi kyau a littafi, amma ya ninka wa masu amfani kuɗin da suke biya.

Maryam
Yaya Nura, duk abin da ka lissafa a rubuce yake, ana karantawa a haddace. Abin da ba a haddacewa shi ne ɗabi'ar rashin yarda da kod ɗin da kai da kanka ka fitar. Me zai kama kuskuren Vyper? Gwaji ne da zai fassara kwantiragi, ya gudanar da shi, ya gwada shigowa ta aiki na biyu, ya ga ko an hana shi. Ko kuma a riƙa jefa wa kwamfaila dubban shirye-shiryen da na'ura ta ƙirƙira, a fassara kowanne sau biyu, ɗaya da gyaran sauri ɗaya babu, a kwatanta sakamako. Wannan al'adar mutanen kwamfaila ce tun kafin a san Bitcoin. Amma na yarda da kai a abu ɗaya: dole a tawagar a sami wanda ya san yadda ɓarayi ke tunani. Injiniya Bashir, kuna da shi?

Bashir
Muna da mutum biyu da suka daɗe suna binciken kwantiragi. Ɓangaren kwamfailar ne ni kaɗai nake riƙe da shi, kuma nauyin ya fara fin ƙarfina.

Nura
To in haka ne na sassauta. Da ba ku da su ne zan dage. Amma ku sa sharaɗi: duk wanda ya shigo, watansa na farko ya zauna ya rubuta kwantiragi da hannunsa, ya kuma karanta jerin kurakuran da tawagar Solidity ke wallafawa na kwamfailarsu. Jerin a buɗe yake, kowane kuskure da sigar da ya shigo da sigar da aka gyara shi.

Malam Garba
Na ga kun tsaya a kan wa za a ɗauka, bari in ce wani abu a kan yadda za a ɗauka, don na daɗe ina jagorantar mutanen da ban taɓa gani ido da ido ba.

Ganawar da ake sa mutum ya warware wasan ƙwaƙwalwa cikin minti arba'in ana kallonsa, ba ta gaya maka komai a kan wannan aiki. Aikin yare aikin natsuwa ne, kuma rabinsa rubutu ne. Wanda ke nesa, rubutunsa shi ne fuskarsa. In zai canza yadda yaren ke tafiyar da lamba idan ta cika ta zube, sai ya rubuta dalili, ya rubuta abin da zai karye, ya rubuta hanyar da ya ƙi bi da dalilin ƙinta. Solidity ta yi irin wannan sauyi a siga 0.8.0 a Disamban 2020, inda ta mayar da binciken zubewar lamba wajibi sai in mutum ya cire da kansa. Kafin nan kowa sai ya jawo kod na musamman da wasu suka rubuta don kare kansa, wanda ya manta kuma ya sha wuya. Sauyi irin wannan ba a yanke shi a hirar baka. Wanda ba ya iya rubuta shafi biyu da abokin aikinsa zai karanta bayan awa takwas ya gane ba tare da ya kira shi ba, zai wahalar da ku komai gwanintarsa.

Shawarata: ku ba shi aiki na gaske, ƙarami, na mako ɗaya ko biyu, ku biya shi. Kamfanin Automattic, masu WordPress.com, sun daɗe da suna a kan wannan hanya ta gwaji mai biya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku lura da irin tambayoyin da yake yi, da yadda yake karɓar gyara, da ko yana faɗa in ya maƙale ko shiru yake yi har kwana uku.

Sadiq
Ranka ya daɗe Malam Garba, duk na yarda. Amma tambayar Injiniya ta biyu ita ce ta fi tayar min da hankali, kuma ba a taɓa ta ba tukuna.

A Mayun 2022 hukumomin Amurka, har da FBI da ma'aikatar baitulmali, sun fitar da gargaɗi cewa ma'aikatan fasaha na Koriya ta Arewa suna neman aiki daga nesa da sunayen bogi, kuma harkar kirifto na cikin wuraren da suke nufa. A Yulin 2024 kamfanin KnowBe4, wanda sana'arsa ma koyar da tsaro ce, ya fito ya faɗa da bakinsa cewa ya ɗauki irin wannan mutum. Ya wuce ganawa ta bidiyo, ya wuce binciken takardu, sai da aka aika masa kwamfutar aiki aka ga ya fara loda mata muguwar manhaja. Waɗannan mutane sun iya aiki, gwajin Malam Garba ba zai kayar da su ba.

Ga kuma abin da ya faru da xz, wata manhajar matse fayil, a Maris 2024. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana taimakawa da gyare-gyare masu kyau har aka ba shi ikon fitar da siga, sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutsawa cikin kwamfutocin mutane. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya gano, saboda ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. A ce a kwamfailar kwantiragi aka yi wannan. Ken Thompson ya yi bayanin haɗarin tun 1984: kwamfaila na iya dasa abin da babu shi a rubutun da kake karantawa. A bulokcen kuma kwantiragin da aka riga aka ɗora ba ya gyaruwa cikin sauƙi, kuɗin mutane na ciki.

Zainab
Salam. Ni ɗaliba ce, ina koyon yaren kwamfuta na Rust, ina kuma ɗan gina ƙaramar kwamfaila don koyo. Yaya Sadiq, maganarka gaskiya ce amma ta ba ni tsoro ta wata fuska. Idan kamfanoni suka ji irin wannan, abin da suke yi shi ne su rufe ƙofa ga duk wanda ba daga ƙasashen da suka saba ba. Na sha cike takarda, da na kai wurin zaɓar ƙasa sai a ce ba a ɗauka daga nan. Ba a ma duba aikina ba. To wanda ya saci sunan Ba'amurke ya wuce, ni mai sunana na gaskiya an tsayar da ni. Ina tsaron a nan?

Kuma ku sani mu ma masu nema ana farautarmu. Ana aiko wa mutum tayin aiki, a ce ga gwaji, sauke wannan ma'ajiyar kod ka gudanar, ashe a ciki akwai abin da zai kwashe makullan walat ɗinsa na kirifto. Yanzu ni duk gwajin da aka aiko min sai a cikin kwamfutar wucin gadi nake buɗe shi.

Sadiq
Ƙanwata, kin faɗi abin da nake shirin kaiwa gare shi. Tace mutane da ƙasa ba tsaro ba ne, domin maƙaryaci da ƙasar ƙarya yake zuwa. Iyakar abin da doka ta tilasta shi ne jerin takunkumi, wannan dole kamfani ya bi. Bayan shi, a tabbatar da mutum ta hanyoyin da suka dace: takardar shaida ta yi daidai da fuskar da ke bidiyo, sunan asusun da za a biya ya yi daidai da sunan mai aiki, adireshin da za a aika kaya kada ya sauya a minti na ƙarshe, a kuma yi magana da wanda ya taɓa aiki da shi, ta hanyar da kai ka nemo, ba lambar da shi ya ba ka ba.

Amma asalin maganin a tsarin aiki yake. A gina shi yadda ko shugaban tawaga ba zai iya shigar da layi ɗaya shi kaɗai ba. Kowane sauyi mutum biyu su duba. Makullin fitar da siga kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Fayil ɗin da aka saki ya zama kowa zai iya sake gina shi daga tushe ya sami abu iri ɗaya sak, domin a xz wani ɓangare na mugun abin yana cikin kunshin da aka rarraba ne, ba ya cikin ma'ajiyar da mutane ke karantawa. In an yi haka, sabon ma'aikaci zai fara aiki tun ranar farko ba tare da an zarge shi ba, ba kuma tare da an miƙa masa wuƙa da nama ba.

Maryam
Wannan batu na samun abu iri ɗaya sak, Injiniya, ka mayar da shi tambayar ganawa. Ka tambayi mutum: me zai sa kwamfaila ta fitar da sakamako biyu daban daga rubutu ɗaya? Wanda ya san aiki zai ambaci teburin hash, wani tsarin ajiye bayanai a cikin shiri, domin a yaren Go da gangan aka hargitsa jerin da ake bi a cikinsa, HashMap na Rust ma ba ya alƙawarin jeri. Zai ambaci sunan babban fayil da ke shiga cikin sakamako, da lokaci, da gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda. Sai ka tambaye shi me ya sa wannan ya dame mu. Amsar ita ce shafuka irin Etherscan suna tabbatar da kwantiragi ne ta hanyar sake fassara rubutun su kwatanta da abin da ke kan bulokcen. In kwamfailarku tana sauya baki, babu wanda zai iya tabbatar da cewa abin da ya karanta shi ne ke riƙe da kuɗinsa. Tambaya ɗaya, amma tana nuna maka ilimin kwamfaila da fahimtar bulokcen a lokaci guda.

Abu Yasir
Ba wanda ya yi maganar biya, alhali a nan ake rasa mutanen kirki. Masu wannan ilimi ba su da yawa, kuma manyan kamfanoni na nemansu. In kuka zo da tayin rabin albashi a tokin da ba a ma ƙaddamar ba, wanda ke da iyali ba zai saurare ku ba. Mutane ba su manta da Mayun 2022 ba, lokacin da darajar tokin LUNA ta zube cikin 'yan kwanaki. Albashi ya zama kuɗin da mutum zai iya dogara da shi, ko ta banki ko ta tsayayyen tokin irin USDC in dokar ƙasarsa ta yarda. Tokin na aikin ya zama ƙari a sama, a rubuta ƙarara yaushe zai mallake shi. Abin da aka fi sabawa shi ne shekara huɗu, ba ya samun komai sai ya cika shekarar farko.

Sannan ku fayyace matsayinsa: ma'aikaci ne ko ɗan kwangila? Kowace ƙasa da dokarta a kan haraji da hutu da sallama. Akwai kamfanoni irin Deel da Remote da ke ɗaukar mutum a madadinka a ƙasarsa. Ku kuma rubuta wa ya mallaki kod ɗin da lasisin da za a sake shi da shi, tun kafin a fara.

Nura
Abu Yasir, ni ina ganin tokin yana sa mutum ya ɗauki aikin kamar nasa.

Abu Yasir
Ga mai tallata aikin, wataƙila. Ga mai kwamfaila ina jin tsoronsa. Wannan shi ne mutumin da kake so ya iya cewa a ɗage ƙaddamarwa wata uku saboda bai gamsu da gwaji ba. In duk arzikinsa ya rataya a ranar ƙaddamarwa, ka sa shi tsaka mai wuya.

Malam Garba
Abu Yasir ya yi gaskiya. In ƙara da batun lokaci. Ba sai kowa ya farka tare ba, awa biyu ko uku na haɗuwa a rana sun isa, sauran a yi a rubuce. Amma ku tsara wa ke tsaye idan abu ya fashe. Harin Curve ranar Lahadi aka kai shi. Tawagar da ta bazu a duniya tana da fa'ida a nan, domin kullum akwai wanda idonsa biyu, da sharaɗin an faɗa masa tun farko cewa wannan na cikin aikinsa, an kuma biya shi a kai.

Bashir
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sake rubuta sanarwar, kwamfaila da Rust a gaba, sanin EVM ya zama ƙari. Za mu cire tambayar ƙasa daga matakin farko. Gwaji mai biya na mako biyu, a ma'ajiyarmu da ke buɗe. Malama Maryam, a ina zan sami mutanen? Shafukan neman aikin kirifto su suka kawo min waɗancan.

Maryam
Je ka inda suke aiki. Duba masu ba da gudummawa ga manyan ayyukan kwamfaila irin su kwamfailar Rust, da LLVM, da GHC na yaren Haskell, da kayan WebAssembly. A cikin bulokcen ɗin ma akwai su: masu yaren Move, wanda aka fara a Facebook don kuɗinsu na Libra, yanzu bulokcen na Aptos da Sui ke amfani da shi, inda yaren kansa ke hana a kwafi kadara ko a yar da ita. Akwai masu sauran yarukan kwantiragi: Cairo na Starknet, da Aiken na Cardano, da Clarity na Stacks wanda da gangan aka taƙaita shi don a iya sanin abin da shiri zai yi kafin a gudanar. Ka karanta muhawarorinsu a GitHub, ka ga wa ke bayani da haƙuri, ka rubuta masa kai tsaye kana ambaton aikin nasa da ka karanta. Kada ka manta da ɗaliban digiri na uku a fannin yarukan kwamfuta da tabbatar da shiri ta lissafi.

Zainab
Anti Maryam, ni da nake farawa fa, me zan nuna?

Maryam
Ƙarasa 'yar kwamfailarki, ki sa mata gwaje-gwaje, ki rubuta bayanin dalilin kowane zaɓi da kika yi. Sannan ki ɗauki kuskure ɗaya daga jerin da Yaya Nura ya ambata, ki sauke tsohuwar sigar, ki sa kuskuren ya bayyana a gabanki, ki rubuta yadda ya faru da gwajin da zai kama shi. Ki turo min in kin gama, zan duba miki.

Bashir
Ki turo min ni ma, Zainab. A ma'ajiyarmu akwai ƙananan ayyuka da muka ware wa sababbin shiga, yawancinsu gyaran saƙonnin kuskure ne da ƙarin gwaji. Zan saka mahaɗin a nan da zarar na gama gyara sanarwar.